Farar Rigar Aro

Shafin farko sau uku ina yage shi.
Duk sadda na ɗora alƙalami in rubuta Ilya,
sai hannu ya zarce ya rubuta Majo Nomau.
Shekara tara Maradi ba ta kira ni da sunan yanka ba.

Daren Alhamis, in an gama labaru,
a fito da telebijin ƙofar gida, a aza kan turmi.
Daga Bagalam har Sura Bildi
ni ne mai farar riga, igiyar auna ƙirji a wuya,
ina kaɗa yatsa ina faɗi:
“Kada ka haɗiye abin da likita bai rubuta ba.”
Yara su yi ta maimaitawa a hanyar lakwal.
Mai kilishi ya ƙara mini gyara,
ɗan kabu-kabu ya rantse ba ya taɓa dalata.

Rigar ta aro ce, aljihunta biyu.
Na dama, takardar da zan haddace.
Na hagu, katin tiramol.
Ɗan Jimma mai riƙe fitila ya fara miƙo mini,
ranar da muka ɗauki kashi shida a wuni guda,
murya ta dushe, gwiwa ta ƙi.
“Ɗaya tak, Majo.”
Ɗaya ta haifi biyu, biyu suka yi jikoki,
jikokin suka cinye jikkunan da na tara,
da babur, da filin da na saya a hanyar Ɗan Isa.

Inna Tsahara ba ta taɓa yi mini faɗa ba.
Takan dubi akwatin, ta juyo ta dube ni,
ta ce, “Wancan ya fi ka ƙiba.”
Sai ta ƙara mini tuwo.

A tashar Madarunfa wata mata ta tare ni,
ta kwance goyo, yaro kamar garwashi.
“Majo, duba mini shi, don Allah.”
Na miƙa hannu, hannun yana kaɗawa.
Yara biyu nake gani,
ban san wanne ne nata ba.
Na ce, “Baiwar Allah, wasa ne, ni ba likita ba ne.”
Ta mayar da goyonta, ta ɗaure sosai,
ta ce, “To, kai ma je a duba ka.”

Ban je ba. Zuwa ya zo mini.
Ana tsakar ɗauka na kife, ina kumfa, ina shure-shure,
mai kamara bai tsaya ba,
har wani ya tafa.
Sun ce ban taɓa wasa mai kyau irin wannan ba.

Na farka a asibiti, harshe a tsage.
Majon gaskiya yana tsaye a kaina,
rigarsa ba ta kai tawa fari ba,
akwai ɗigon jini a hannunta, maɓalli ɗaya babu.
Bai tambayi Nomau ba. Ya ce, “Sunanka?”
Sai da na yi tunani.

Kwana goma sha ɗaya ƙasusuwana suna kira.
Zufa, amai, tururuwa a ƙarƙashin fata.
Ba zan ce na gama ba.
Sau biyu na koma, na biyun bayan Sallah.

Yanzu ina ban ruwan zogala a Jiratawa.
Ganye ba ya tafi, ba ya kuma tsegumi.
Da dare in buɗe ragowar littafin lissafin ɗiyata Barira,
in rubuta tsakanin jan biron malaminta.
Yau wata bakwai da kwana huɗu.

Ɗazu wani yaro mai kai albasa ya tsaya,
ya daɗe yana kallona ta gefen amalanke.
“Baba, ba kai ne Majo ba?”
Na ce, “Na san shi.
Riƙe mini tiyon nan, in buɗe wancan kwami.”